Ranar da Ɗiyata Ta Ce Da Sauƙi

Shekarun baya, ina sarjan a soja, aka tura mu aikin kiyaye zaman lafiya wata ƙasa ta bakin teku, inda ruwan sama bai san gajiya ba. Ni ɗan Damargu, can bakin hamadar Nijar, da na saba fita roƙon ruwa, sai ga ni ina roƙon Allah a ɗauke shi ko safata ta bushe. Kafin tafiyar na kwashe mai ɗakina da ɗiyarmu daga barikin Damagaram, na kai su gidanmu a Belbeji wajen mahaifiyata, don kada ciwon yarinyar ya tashi suna su biyu kaɗai.

Ɗiyar tawa da sikila aka haife ta, ciwon da mu a nan muke cewa emasi. In ya tashi, ƙasusuwanta ne ke mata azaba, idonta ya yi rawaya, sai an dangana da asibiti, wani lokaci har da ƙarin jini. In ya lafa kuwa ba ka ce ita ce ba, don surutunta kaɗai ya ishi gida. A lokacin tana aji uku a firamare, kuma sunan mahaifiyata ta ci.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci nake samun damar kiran gida. A nan na gane wata wahala da ban taɓa lura da ita ba. Kun dai san halinmu: mutum yana kwance ko kai ba ya iya ɗagawa, ka ce ya jiki, a ce maka da sauƙi. Mai ɗakina da sauƙi, Inna da sauƙi, ƙanena ma da sauƙi. In kana gida ka ji haka, sai ka ɗaga labule ka gane wa idonka. Ni kuwa ba ni da labulen ɗagawa. Sai in ajiye waya in wuni ina auna kalma ɗaya, wannan sauƙin na gaske ne ko na kwantar da hankali.

Da abin ya ishe ni, na ce a ba ni yarinyar.

"Ke, soja ce ke ko farar hula?"

"Soja ce mana, Baba."

"To soja ba ya cewa da sauƙi. Rapor, wato rahoto, yake ba na gaba da shi, gaskiya tsirara."

Na koya mata yadda muke yi. In lafiya lau, ta ce er-a-es, wato babu abin faɗi, da Faransancin bariki. In kuwa ciwon ya motsa, ta faɗi inda ya kama. Wasan ya yi mata daɗi ƙwarai. Daga ranar ta daina ce mini Baba a waya.

"Sarjan, abokan gaba sun kama gwiwar hagu."

"An tura musu ƙarfi?"

"An tura. Na sha ƙwaya, na sha ruwa har cikina ya yi tulu. Inna ta gasa wurin da tsumma."

"Madalla, soja. A riƙe wuta."

Abokan aikina suka mai da ni abin dariya, ƙato da gashin baki ya ƙame yana sara wa waya. Ban damu ba. Duk faɗin Belbeji, wannan ƴar mitsitsiyar ce kaɗai ke gaya mini gaskiya, kuma ko labarin ba daɗi, nakan fi samun barci.

Ana nan, damina ta kama a gida, mu kuma aka yi wa motocinmu kwanton ɓauna a hanya, muka rasa mutum guda. Labari ya kai gida ta rediyo kafin in kira. Juma'ar da ta biyo, mai ɗakina ta ɗauka, ta yi ta tambayar lafiyata. Na ce ya jikin yarinya, ta ce da sauƙi. Na ce a ba ni sojana. Aka daɗe kafin wayar ta kai gare ta.

"Rapor, soja."

Na ji numfashinta, gajere gajere. Can ta ce, "Da sauƙi, Baba."

Wallahi ranar da aka buɗe mana wuta ban tsorata kamar yadda na tsorata a lokacin ba.

Na tafi wajen kapiten ɗinmu neman izinin zuwa gida. Ya ce irin wannan izini ba a cika ba da shi don ciwo ba, me aka ce mini? Na ce an ce da sauƙi. Ya dube ni kamar na zautu. Sai na kwashe labarin rapor na gaya masa, ina jin kunyar kaina. Bai yi dariya ba. Ya ce in je in haɗa kayana, shi zai yi magana da na sama.

Jirgi ya sauke ni Yamai, na hau bas zuwa Damagaram. A tasha ƙanena ya kira ya ce, "Yaya, kada ka nufi Belbeji, hau motar Tanut. Muna asibiti."

Na iske ta da rai, wannan kam na gode wa Allah har gobe. Ashe ranar ruwan farko ta faki idon uwarta ta shiga wasan ruwa da yaran unguwa, sanyi ya kama ta, wannan karon ciwon ya hau ƙirji. An ƙara mata jini, likitoci sun yi iya yinsu. Ta rame ƙwarai. Da ta gan ni da kaki sai ta yi ƙoƙarin ɗaga hannu ta sara, robar ruwan da ke hannun ta hana ta.

Na zauna bakin gadon na ce, "Soja, kin karya doka. Ina rapor ɗina?"

Ta ce, "Na ji Inna tana ce wa Mama kada a gaya maka. Wai in hankalin soja ya rabu biyu, harsashi ke samunsa." Ta huta, sannan ta ce, "Ni ba na so ya same ka."

Na fita waje kamar zan yi alwala, don kada ta ga sarjan ɗinta yana kuka.

Washegari da safe likita ya ja ni gefe ya ce sai dai addu'a. Ban gama dawowa hayyacina ba Inna ta kira daga Belbeji, don ciwon ƙafa bai bar ta ta biyo su ba. Ta ce, "Ya jikin takwarata?"

Ni da na tsani kalmar nan, ni da na kafa doka a kanta, na buɗe baki na ce, "Da sauƙi, Inna."

Kafin la'asar yarinyar ta cika, kanta a kan hannuna.

Ban taɓa gaya wa Inna abin da jikarta ta ji daga bakinta ba, har ita ma ta koma ga Allah. Ban ga laifinta ba, ɗanta take tsarewa. A da ina ɗaukar da sauƙi ƙarya ce ta ladabi. Sai da ta fito daga bakina na san mai faɗinta roƙo yake yi, kuma nauyin yake riƙewa shi kaɗai don kada ya faɗa kan wanda yake so. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne yarinya ƴar aji uku ta riga ni sanin haka.

Yanzu na ajiye kaki, ina noman hatsi a Belbeji. Amma duk Juma'a in an sauko masallaci, hannuna yakan kai aljihu ya taɓo waya ba tare da na sani ba. Mai ɗakina ta lura da wannan tuntuni. In na shigo gida takan dube ni ta ce, "Ya jiki, Sarjan?"

Ni kuma in ce mata da sauƙi. Ba ta ƙara tambaya, sai ta matsa mini a kan tabarma.