Bari Ki Sauka Tukuna

Yayata tela ce, kuma duk layinmu ba wanda bai san ƙarar kekenta ba. Tun tana budurwa take ɗinki, da keken ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, da shi na yi makaranta. Mace ce da ba ta iya cewa a'a ba. Ki kawo mata yadi yau ki ce gobe kike so, sai ta ce to. Ki zage ta, ta ce Allah ya ba ki haƙuri. Ni kuwa aka ce ranar rabon haƙuri ina barci, shi ya sa ni ce zan ba da labarin nan, don ita ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Cikinta na uku ya zo da laulayi mai tsanani. Ko ƙanshin sabon yadi ta ji sai amai. Dabararta ita ce alewa: ta cusa ɗaya a kumatu, ta ci gaba da taka keke, in ta narke ta sa wata, tun safe har rufe shago. Ga ta da tsabtar tsiya. Tana gama amai za ta ɗauki burushi ta dirje haƙora kamar mai wanke gindin tukunya. Dasashinta ya fara jini, ta ce ai na ciki ne, zai wuce.

A wata na huɗu turmin haƙorinta na hagu ya yi kogo. Na same ta a shago ta dafe kunci, allura a ɗaya hannun.

"Yaya, tashi mu je wurin likitan haƙori."

"Bari in gaya wa Baban yara."

Baban yara makanike ne. Mutumin da in mota ta yi ɗan tari zai kwanta ƙarƙashinta har sai ya gano inda yake. Amma matarsa ta ce masa haƙori na sara, ko ɗago kai bai yi daga kwanon abinci ba. Wai a gareji aka ba shi labarin wata da aka taɓa wa haƙori cikinta ya zube. Wace ce? Oho. A ina? Oho. Wani ne ya ji daga wani.

"Bari ki sauka tukuna," in ji shi. "Ba zan yi wasa da ɗana ba."

Surukarta ta ɗora da cewa kowane ciki da haƙorin da yake ci, ita ma haka ta yi. Ta buɗe baki ta nuna mana giɓi kamar wata lambar yabo. Mai kemis na bakin titi ma da Yaya ta je, kallon cikin kawai ya yi ya ce ta dawo bayan haihuwa. Kai jama'a! Kowa ya zama likita a kan bakin da ba nasa ba.

Ranar awo na bi ta da ƙafata. Na tambayi ma'aikaciyar da ke duba su, a gabanta, don kunnenta ya ji. Matar ta ce ai yanzu ne ma lokacin da ya fi dacewa, a je a cike kogon, allurar kashe zafin ba ta taɓa ɗa. Ta ce barin ciwon ne abin tsoro. Na dawo gida da murna, na zayyana wa mijin. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke da ko auren fari ba ki yi ba, me kika sani a kan ciki?"

"Ban san ciki ba, amma na san kumburi. Dubi fuskarta mana!"

"Ƙanwata, ya isa," in ji Yaya. "Saura kaɗan ai."

Wannan "saura kaɗan" ɗin ita ta fi ƙona min rai. Wata biyar ne fa. Ta koma tauna da ɓangare ɗaya, sannan ta daina taunar gaba ɗaya, sai abin da za a kurɓa. Mai ciki, wadda ake cewa ta ci na mutum biyu! Wuyanta ya zama kamar na kaza. Ta daina hira da masu kawo ɗinki saboda warin da bakin ke yi, tana magana tana kare shi da gefen mayafi. Wata rana ta yanka hannun riga biyu duk na dama, ta zauna ta tasa su a gaba tana hawaye. Shekara ashirin tana ɗinki ban taɓa ganin ta ɓata yadin mutane ba. Shi kuwa kullum zai shafa cikin ya ce, "Yaya ɗan baba?" Uwar ɗan baba ko oho.

Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Da ta ɗan murmure na ce ai an sauka, sai a tashi. Wannan karon har da mijin a rakiya, yana ta fara'a, ya cika alkawari, ni kuma ina riƙe da jaririn.

Likitar ta daɗe tana leƙen bakin da ɗan madubinta. Ta ce turmin ya mutu, ya kuma shafi na kusa da shi, har ƙasan ya tara ruwa. Babu abin cikewa, sai cirewa. Ta ce alewar da ke kwana a kumatu ita ta ci su, dirzar nan bayan amai kuma ta ƙara, don lokacin haƙori ya yi laushi, kurkurewa da ruwa kawai ake yi a jira. Sannan ta tambaya, a hankali, me ya hana a zo tun da wuri, da aikin ɗan lokaci ne.

Wallahi da ƙyar na danne zuciyata. Aka cire biyu. Yaya ta fito ɗakin jira da auduga cushe a baki, kunci a kumbure, ido jawur. Likitar ta biyo ta da bayanin magani. Sai mutumin nan ya gyara tsayuwa, ya girgiza kai, ya ce:

"Wallahi likita, matan nan sai a hankali. Ai ba ta taɓa gaya min abin ya kai haka ba."

Na yunƙura zan yi magana, Yaya ta riƙe min hannu gam. An ce kada ta cire audugar sai an jima. Ta sa yatsu biyu ta zaro ta, jiƙe sharkaf da jini. Ta kamo hannun mijinta, ta buɗe tafin, ta ajiye masa, ta naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ta karɓi jaririnta daga hannuna ta yi gaba.