Yatsu Biyu na Hamma Julde

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ta gindin mangwaro a unguwar Turaki ya san yatsun Hamma Julde. In ka faɗi magana ta yi masa daidai, ba zai ce maka "haka ne" kamar sauran bayin Allah ba. Sai ya ƙame a tsaye, ya haɗe ƙafafu, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya nuno ka da manuniya biyu, fuska a murtuke kamar mai yanke hukuncin kisa. In kuwa ka kusa gaskiya amma ba ka same ta ba, yatsa ɗaya za ka samu. Adda Dija, matarsa, ta rantse mini cewa duk tuwon da ta tuƙa masa a duniya sau uku kacal ta ga yatsu biyu, ɗaya ma a ciki miyar maƙwabta ce aka aiko.

Ga waɗanda suka zo Jalingo daga baya, Hamma Julde mai gyaran talabijin ne da ɗaura satalayit, shagonsa na bayan babbar kasuwa. Wata safiyar Asabar yana nemo wa wani Alhaji tashar wa'azi, sai ya faɗa kan wasu ƙarti cikin riguna marasa hannu, filinsu zagayayye kamar faifai, ƙwallonsu kamar gwanda. Yana cikin kallo wani ya taka kafaɗar ɗan'uwansa, ya tashi sama ya cafe ƙwallon. Ƙwallon Ostireliya ke nan. Wallahi Alhajin nan har ya bar duniya bai samu tashar wa'azinsa ba!

A can ya kwaso yatsun. Ya yi mana bayani ya fi sau dubu, ba wanda ya tambaye shi. Sanduna huɗu ne a kowane gefe. Ka buga ta bi tsakanin na tsakiya, maki shida, alƙali ya nuna yatsu biyu. Ta kauce ta bi ta gefe, maki ɗaya, yatsa ɗaya.

"Ku dubi adalci!" in ji shi. "Ko ka kuskure, in dai ka kusa, ba za ka tashi a banza ba. Naku fa? Awa ɗaya da rabi kuna ihu, a tashi ba ci."

Na ce, "Hamma, wannan naka dambe ne, ko kokawa, ko dakon buhu?"

Ya dube ni ya ce, "Usmanu, da kai da fahimta ko a hanya ba ku taɓa gaisawa ba."

Ranar sunan jikan Alhaji Buba ne ya ce sai ya nuna mana yadda ake miƙa ƙwallo. Wai ba jefawa ake yi ba, ɗora ta ake a tafin hannu a naushe ta da ɗaya hannun. Ƙwallo babu, sai ya ɗauki gwanda a cikin tire. Muka ce, "Hamma, ta nuna fa." Ya ce ƙwararre ba ruwansa da nuna. Ya ɗora, ya kai mata naushi, fat! Alhaji Buba na cikin farar shadda, sabuwa fil. Har cikin kunnensa aka ciro 'ya'yan gwanda, wasu sun ce bayan damina ɗaya ta tsiro masa a hula. Hamma Julde ya ƙare wa shaddar kallo, ya ɗaga wa kansa yatsa ɗaya.

"Hannu ya yi daidai," in ji shi. "Ƙwallon ce ba ta da ƙashi."

Rowa kuwa, sai dai a ce Allah ya gafarta masa. Kun san zafin garin nan, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Janareto na nan a zaure, galan na cike da mai, amma Adda Dija sai dai ta yi fifita da murfin tukunya. "Man Asabar ne," in ji shi, don wasan nasu da safiyarmu yake faɗowa. Ko ranar ma, da an tafi hutu yake rugawa ya kashe injin, ya tsaya a kansa da agogo a hannu.

Mutum ɗaya ne ya taɓa zama ya kalla da shi: Malam Bitrus, malamin firamare, ɗan ƙabilar Mumuye, katangarsu ɗaya. Shi ma cewa ya yi ƙarar janareto ce ta hana shi barcin safe, ya shigo faɗa, ya ga wasa, ya ja kujera. Daga ranar unguwa ba ta ƙara hutawa ba. Sunayen 'yan wasan sun fi ƙarfin bakinsu, sai suka raɗa musu nasu. Na Hamma Julde shi ne Tsohon Bijimi, wani mai sanƙo da ɗaurarriyar gwiwa. Na Bitrus kuwa Ɗan Zakara, sabon jini, gudu kamar an kunna masa wuta a wutsiya.

"Julde, mutumin nan naka ya ƙare! Yana gudu kamar mai ɗauke da doya daga gona."

"Gudu? Akuya ma tana gudu. Bijimi ya san inda ƙwallo za ta sauka tun ba ta bar ƙafar mai bugu ba. Naka sai ya ga ta wuce yake binta."

"Makon jiya sau nawa ya cafe? Faɗa mini! Tsallen ma da ya yi, ko takarda ba za ta shiga ƙarƙashin takalminsa ba."

"Mai wayo ba ya tsalle, Bitrus. Tsayawa yake inda ya dace."

"To ƙafar hagu fa? Ado ce?"

"Wanda damansa ke ci, me zai nema a hagu?"

Mu muna gindin mangwaro muna jiyo su, muna riƙe ciki. Abin da ba mu lura da shi ba, ko muka ƙi lura, shi ne a shekarun nan shagon Hamma Julde ya mutu. Kowa ya koma kallo a waya, masu sabon gida kuma samari suke kira su ɗaura musu satalayit. Ni kaina da nawa ya lalace wani na kira. In yana cewa "Bijimi bai ƙare ba" har jijiyar wuyansa na tashi, mu dariya kawai muke yi.

Sai Bitrus ya yi ritaya ya koma garinsu Zing. Asabar ta zo, janareto na kuka, ba muryar kowa a zauren.

Wata Laraba Hamma Julde ya zo majalisa, ya zauna, abin da ba ya yi, don shi kullum a tsaye yake yana yanke mana hukunci. Ya ce Tsohon Bijimi zai buga wasansa na ƙarshe ranar Asabar da hantsi.

"Sau ɗaya ku zo ku gani da idonku. In kun ga ya ƙare ku faɗa mini, mu yi musu. Musun kawai nake so."

Muka ce, "Haba Hamma, ai mu za mu riga ka zuwa!" Ni ne ma na fi kowa ɗaga murya. Ya miƙe ya ba mu yatsu biyu.

Asabar ta zo. Ba ɗaurin aure, ba jana'iza, ba ruwan sama. Mu takwas muna gindin mangwaro muna gardamar ƙwallon Ingila, tsakaninmu da zaurensa taku talatin. Muna jin janareto. Kowa na cewa bari wane ya fara tashi. Wani ya ce, "Mu je mu kalli dakon buhu?" Aka tuntsire da dariya. Ni na faɗa, ba wani ba. Har injin ya yi shiru ba wanda ya motsa.

Adda Dija ce ta ba ni sauran labarin daga baya. Ya aro kujeru takwas. Ya sa ta dama kunun gyaɗa babbar tukunya, ya sayo ƙosai da hannunsa, mutumin da ƙosai ɗaya ke kai shi azahar. Ranar ko hutun ma bai kashe janareto ba, wai kada mu shigo mu tarar da duhu. Ya yi ta yi wa kujeru bayani. Daf da tashi Bijimi ya cafe ƙwallo, ya ja baya, ya buga, ta bi ta gefe. Maki ɗaya. Ta ce sai Hamma Julde ya juya zai yi magana, ya ga ba kowa, ya ce mata ta raba wa maƙwabta kunun.

Bai sake zuwa majalisa ba. Muka ce fushi ne, zai huce. Ashe ciwo ne. Da na je asibiti na tarar ya zama kamar tsinke. Na fara jero ƙarya, wai baƙi na yi ranar. Ya zaro hannu daga mayafi da ƙyar, ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Na yi dariya, don ban san abin da zan yi ba. Ko wannan ɗayan ban cancanta ba.

Ranar sadakar uku Malam Bitrus ya zo daga Zing, ya zauna can gefen tabarma. Na ce masa, "Malam, tsakaninka da Allah, Bijimin nan ya ƙare?"

Ya goge ido da hula. "Ya ƙare mana! Tun tuni ya ƙare. Ranar ma na kira Julde a waya na faɗa masa, muka yi awa guda muna yi." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ni ina Zing. Ku kuna ina?"

Har yau ba wanda ya amsa.

Allah ya jiƙan Hamma Julde, ya yafe masa rowar mai da shaddar Alhaji Buba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da abokan zama waɗanda suka fi mu cika alkawari. Ayyukansa da suka bi ta tsakiya Allah ya karɓa, waɗanda suka bi ta gefe kuma kada ya tashi a banza. Mu da ko bugawa ba mu yi ba, Allah ya yafe mana. Amin.