Mutumin da Ya Juya wa Teku Baya

Abin da na fara lura da shi da muka isa bakin teku a Kiribi shi ne kowa ya ba titi baya. Masu zama a kan kujeru, masu ɗaukar hoto, yara masu guje-guje a yashi, har wani kare da ke kwance, duk ruwa suke kallo. Mutum ɗaya ne kawai ya juya wa ruwan baya yana fuskantar titi, wuƙa a hannunsa, hayaƙi a gabansa. Babana ne. Amma bari in faro daga gida.

Baba mai kilishi ne a unguwarmu ta Rumde Ajiya, cikin Garwa. Da tashin hankalin kan iyaka ya sa shanu suka yi tsada, kasuwa ta mutu masa, sai ya bi wasu mahauta zuwa kudu. Ina ajin ƙarshe na firamare lokacin. Tun daga nan sai muryarsa muke ji ranar Juma'a bayan la'asar. Inna takan jefa wayar cikin kwanon sha don muryar ta ƙara ƙarfi, mu kuma mu kewaye kwanon kamar tuwo ne a ciki. Bayan muryarsa akwai wani shuuu da ba ya yankewa. Da can mun ɗauka layin ne ba shi da kyau, sai da ya ce mana teku ce.

Kowace Juma'a zancen ɗaya ne: idan an yi babban hutu, wanda muke kira bakans, dukanmu za mu je mu gani. Yakan ce yashin fari ne kamar garin masara, ana kishingiɗa a kujera a sha ruwan kwakwa, rana kuma cikin ruwan take faɗawa. Mu kuwa muka duƙufa shiri. Inna ta ɗinka doguwar riga mai kauri wadda ko ta jiƙe ba za ta manne a jiki ba. Kaka ta aika a tambayo malamin unguwa ko ruwan gishiri yana alwala, ya ce yana yi, ta ce duk da haka da butarta za ta je. Bakans ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Rigar Inna tana ƙasan akwati.

Bana, a ɗan hutun da ake ba mu lokacin zafi, Goggo, yayar Baba, za ta kai albasa Yawunde. Inna ta roƙe ta ta tafi da ni, mu zarce har Kiribi. A gabana ta ce mata, "Wannan ba ta magana, amma ba abin da ke wuce ta. Ta dubo mana ɗakin da za mu sauka, da inda mace za ta zauna ba a zuba mata ido ba. Bana dai sai mun je."

Mun tashi da asuba, tun ladan bai sauke ba. Albasar ta riga mu tafiya a babbar mota, mu kuma muka hau bas da jaka ɗaya da ƙunshin da Inna ta haɗa wa Baba: kuka, daddawa, da kilishin da tsohon yaron shagonsa ya yi. A kan gadar kogin Binuwai na leƙa. Ruwan ya janye, yashi ya fito tsibi-tsibi, mata sun shanya wanki a kai. Na ce a raina, yau zan bar ƙaramin ruwa in je ga babba.

Hanyar Ngaundere doguwa ce, kuma jandarmomi sun fi ramukan hanyar yawa. Kowane shinge sai a sauko a nuna kati. Ni katin makaranta nake miƙawa, kaina a ƙasa. Goggo kuwa ba ta da wannan ciwon. Da Fulatanci take gaishe su, da Faransanci take musu, idan mun koma mota ta yi musu addu'ar da ba ta alheri ba da Hausa. Da muka fara hawan dutsen da ke gaban Ngaundere, bas ta riƙa nishi kamar tsohuwar da ta ɗauko ruwa, kunnuwana suka toshe, iska ta sauya. Rabona da jin sanyi a fatata tun kafin azumi.

Daga Ngaundere jirgin ƙasa za mu hau, bayan magariba yake tashi. Ban taɓa shiga ba, na kuma ji kunyar nuna hakan, sai na zauna na ƙanƙame ƙunshin Baba. Duk tashar da aka tsaya, mata sukan taso da kaya a ka suna kira ta taga. Da farko zuma ce a kwalabe, can gaba sai ayaba da rogon da aka naɗe a ganye aka ɗaure da zare. Goggo ta saya mini ɗaya. Yana da danƙo da ɗan tsami, na ci rabi don kada ta ce na yi mata asara. Da gari ya waye na ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk hanyar: babu nesa. A wajenmu ido yakan tafi har ya gaji. A can itatuwa sun tsaya daf da taga, kore a kan kore, ƙasa kuma ja wur.

A Yawunde muka kwana biyu wurin wata ƙawar Goggo har ta sallami albasarta. Daga nan muka kama hanyar Kiribi, tsakanin gonakin kwakwar manja da aka jera kamar ɗalibai a layin safe. Zufa ta riƙa fito mini ba ta bushewa. A Garwa zafi ƙona mutum yake yi, a can kuwa lulluɓe shi yake kamar jiƙaƙƙen bargo.

Sai ga mu a bakin teku, sai ga Baba.

Ya rame, hularsa ta yi laushi ta kwanta gefe guda. Da ya gan ni ya ajiye wuƙar, ya goge hannu a riga har sau nawa kafin ya dafa kaina. "Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "haka kika yi tsawo ba ki gaya mini ba?" Sai na miƙa masa ƙunshin. Daddawar ya fara kaiwa hanci. Ya daɗe bai sauke ba.

Tsire yake sayarwa yanzu, wanda mutanen can ke kira soya. Na tambaye shi a hankali ina kilishin. Ya ce ya gwada da ya zo. Ya yanka naman siriri yadda ya saba, ya shanya, ya jira. Rana tana nan, amma iskar jiƙe take, naman bai bushe ba sai fumfuna da ya yi. Ya ɓalli na gida da muka kawo, ya tauna, ya ce yaron ya cika citta a labu, wato kwaɓin da ake tsoma naman a ciki, kuma ya yi gaggawar kwashewa daga rana. Yana kushewa yana ci har ya cinye falle guda.

Ita kuwa teku, ban san yadda zan faɗa muku ba. Ba ta kwanciya. Takan taso, ta zube, ta ja da baya tana tsaki, ta sake tasowa. Yashin fari ne kamar yadda ya ce. Akwai kujerun, akwai kwakwar, akwai mata masu gasa kifi da jatan lande, waɗanda Goggo ta kalla ta ce ita ba ta cin fara ta ruwa. Har na samo wa Inna wurinta: wata inuwa can gefe, bayan kwale-kwalen masunta, inda ba kowa ke zuwa ba. Duk abin da Baba ya faɗa a waya gaskiya ne.

Da yamma na zauna a kan benci kusa da tukubarsa. Na yi ta juya tambayar a bakina kafin ta fito.

"Baba, ruwan da sanyi ko da ɗumi?"

Ya juya tsinken nama. Ya sake juya shi. Abokin sana'arsa, wani dattijo mutumin Banyo mai yankan albasa a gefe, ya fashe da dariya.

"Tambayi wani, 'yata. Babanki ko ɗan yatsa bai taɓa tsomawa ba. Duk labarin da yake ba ku, a bakin masu sayen nama yake tsinta."

"Kai da ka tsoma, me ka fito da shi?" in ji Baba.

"Mura."

Baba ya ce ba tsoro ba ne. Iska daga teku take busowa, in ya fuskance ta hayaƙi idonsa zai shiga. In ya ba ta baya, hayaƙin titi yake tafiya ya kira masu saye. Alƙibla ma ta can take, wajen titi. Lokacin faɗuwar rana kuwa shi ne lokacin ciniki. Ina zaune na ga ranar ta yi ja, ta sauko, ta taɓa ruwan, ta nutse kamar an tsoma garwashi. Mutane suka ɗaga wayoyi. Baba yana barbaɗa yaji a takarda yana cewa wani ya ƙara ko ya isa. Hasken ya sauka a bayan rigarsa kawai.

Na ga ɗakin ma. Yana bayan wani gareji, nesa da ruwa. Tabarmi ne a jere, kowace da jakar mai ita a wajen kai, duk na mahauta 'yan arewa. Ƙofar ta yi tsatsa, gishirin da ke cikin gwangwani ya zama ruwa. A kan ƙusa na ga fefen da yake shanya kilishi a kai a gida, ya ɗauko shi tun daga Garwa, ya yi baƙi. Babu inda Inna za ta ajiye akwati, balle Kaka da butarta. Ni da Goggo a gidan wata Bahausa mai tuwo muka kwana. Baba bai ce mini kada in faɗa a gida ba. Ya dai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kafin bakans zan nemi wani ɗakin." Daga nan ya shiga tambaya: darbejiyar ƙofar gida tana nan? Mangwaro ya nuna? An ga dorina bana a ƙarƙashin gada? Wa ke zama a wurinsa a masallaci?

Ranar da za mu taho, bayan sallar asuba, ya ce in zo. Babu kowa a yashin sai masunta can nesa. Ya naɗe ƙafar wando, ya taka a hankali kamar mai shiga ɗakin surukai. Ruwan ya taso, ya yi tsalle da baya, silifas ɗinsa ɗaya ya tafi. Muka tsaya muna kallonsa yana lilo, sai ga wani ruwan ya dawo masa da shi har gaban ƙafa. Ya yi dariyar da na manta yana da ita.

"Ashe da ɗumi," ya ce. "Ki gaya musu da ɗumi."

Ya ɗaga kai ya dubi ruwan, ya daɗe.

"Ba shi da ƙetare, Uwata. Kogin namu ko ya cika, kana ganin inda za ka."

Dawowa ba ta da labari sosai. Itatuwa suka yi ta raguwa, nesa ta dawo, leɓena ya bushe, na san mun kusa. A gadar Binuwai na sake leƙawa. Matan suna nan da wankinsu, na ga wannan gaɓa, na ga waccan. Na tafi ne in dubo mana wurin hutu, ban san cewa wanda muke shirin zuwa wurinsa shi ya fi mu bukatar tafiya ba. Mu muna kewaye kwano muna sauraron teku a bayan muryarsa, shi kuma ashe kukan kajinmu da ƙarar turmin maƙwabta yake saurare a bayan tamu.

Na gaya wa Inna komai, yashin da inuwar da kwakwar, sannan tabarmin da fefen. Da la'asar na ga ta fito da doguwar rigar, ta kakkaɓe, ta sake ninkewa ta mayar.

Juma'a ta zo, aka sa waya a kwano. Shuuu ɗin yana nan. Baba ya gaisa da kowa, ya fara, "To, idan an yi bakans..." Ni da ban taɓa cewa komai a wayar nan ba sai gaisuwa, na matsa na sunkuya a kan kwanon har ina ganin fuskata a ciki.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Bana kai ka zo mana hutu. Mu ma muna da yashi, ruwa ya janye. Ka zo tun damina ba ta faɗi ba, rana tana nan yadda ka bar ta. Ka taho da fefenka."