Ranar da Shaho Suka Ajiye Ƙwallo

Tun da muka binne mahaifina a bazarar da ta wuce, ba na iya zama kusa da murhu ban tuna da Inna Hure ba. Ita ce mahaifiyarsa, kuma a gabanta na girma a gidanmu na Ƙofar Marusa. Lokacin sanyi, in an idar da sallar Magariba, sai ta kwaso ragowar garwashin tuwo a kasko ta ajiye a bakin ɗakinta, ta cusa dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Maigida take ce mani saboda sunan kakana aka sa mani, kuma kullum sai ta yi ƙorafin cewa ba ta taɓa ganin miji irina ba, mai zuwa hannu rabbana ya cinye na matarsa.

Tana da tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace tsohuwa. Amma akwai labari guda da ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya. In za ta ba da shi, sai ta nuna mahaifina da tsinken da take tona wuta, yana can bakin rijiya yana alwalar Isha'i.

"Wannan ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba," in ji ta. "Tana cikin gidan. Ga mai ita can yana ɓarnar ruwa."

Labarin Shahon Marusa ne, ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Inna ba ta taɓa taka filin wasa ba, ba ta san yawan mutanen da ke bugawa ba, amma babu wanda ya kai ta sanin tarihin ƙungiyar, don a tsakar gidanta ake shanya rigunansu.

Ta ce da farko ba ƙungiya ba ce. Samarin unguwa ne ke buga ƙwallo babu takalmi a wani fili bayan ganuwa, daf da maƙabarta. Da yake kullum nan ake samunsu, in an yi rasuwa wurinsu ake aikowa. Ɗan aike ba ya magana. Yakan tsaya a gefen fili ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Duk wanda ƙwallo ke ƙafarsa sai ya taka ta, a bar ta a wurin, su ɗauki diga da shebur su shiga maƙabarta. In an rufe mamaci, su dawo su ci gaba daga inda suka tsaya. Ko da baƙi daga Ƙofar Sauri ko Ƙofar Kwaya ake karawa, sukan zauna a inuwa su jira, wasu ma su kama aikin. Babu wanda ya rubuta wannan a matsayin doka. Haka kawai ake yi.

Sannu a hankali yaran suka fi ƙarfin unguwanni. Suka sami riguna da takalma, aka yi masu rajista, har suka shiga ƙaramin rukunin gasar ƙwararru. Mahaifina, Sada, shi ne kyaftin. A wata shekara suka kai wasan da in suka ci shi za su hau rukuni na gaba, kuma a gida za a buga, da wata ƙungiya da ta zo daga nesa, da alƙalin wasa shi ma baƙo.

Nan Inna take gyara zama. Ta ce an dawo daga hutun rabin lokaci Shaho na gaba da ci ɗaya, sai ga ɗan aike a bakin layi, hula a hannu. Mairo mai fura ce ta rasu, wata tsohuwa da ta zo Katsina tun da ƙuruciya, ba ɗa ba jika, ba wanda ya san danginta. Bazara ce, ƙasa ta yi tauri, rana kuma ta karkata. Mahaifina ya taka ƙwallo, ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu biyu, ya kai wa alƙalin wasa. Ya gaya masa cikin ladabi cewa an yi masu rasuwa, ya riƙe masu, yanzu za su dawo a ƙarasa. Ya juya, sauran suka bi bayansa, da rigunan wasa a jikinsu. 'Yan kallo ma suka tashi suka bi.

Ba taurin kai suka yi ba. Su a ransu alƙalin zai jira, domin ba su taɓa ganin wanda bai jira ba. Da suka dawo, jikinsu duk jar ƙasa, suka tarar da fili babu kowa. Alƙali ya ba baƙi wasan, motarsu ta kama hanya. Bayan haka hukumar gasar ta rage wa Shaho maki. Hawan da ba su yi ba ke nan, kuma mahaifina bai sake samun irin wannan dama ba har ƙafarsa ta gaji.

In Inna ta zo nan muryarta takan canza. Ba ta taɓa yafe wa alƙalin nan ba, ko da yake ba ta san sunansa ba.

"Mutum da usur a baki kamar mai kiran awaki," in ji ta. "An hwaɗa mashi an yi mutuwa, ya duba agogo. Mi agogo zai ce mashi? Shi ba za ya mutu ba?"

Wata rana na tambaye ta ko ba ta ji haushin Baba ba, tunda da ya ƙarasa wasan wataƙila da yanzu muna da mota. Ta ɗaga tsinken kamar za ta buge ni, ta ce da ya ƙarasa wasan nan da bai ci tuwonta ba a daren, kuma in ina son mota in tashi in nema, tunda ni ne maigida. Mahaifina yana jinmu. Bai taɓa sa baki a labarin ba. Yakan saka takalminsa ya tafi masallaci.

Inna ta rasu ina saurayi, kuma 'yan Shaho ne suka haƙa kabarinta. Bayan wasu shekaru wani Alhaji ɗan kwangila ya karɓi ƙungiyar. Ya mai da ita babban filin wasa, ya kawo 'yan wasa daga garuruwa, ya saya masu doguwar mota. Ba na ƙin wannan. Yara sun sami abin yi. Abin da ya riƙa ci mani rai shi ne yadda suka mai da labarin Mairo mai fura abin talla. Duk hirar da shugabannin za su yi a rediyo sai sun ce su ne ƙungiyar da ta bar wasa saboda jana'iza. A jikin motar ma an zana wani mutum riƙe da ƙwallo da hannu biyu. Mahaifina yana shagonsa na ɗinki motar take wucewa, babu wanda ya taɓa tsayawa ya gaishe shi.

Da ciwonsa ya yi nauyi, ya kira ni ya ce abu ɗaya yake so. In ta Allah ta kasance, in je in gaya wa Shaho, su ne za su haƙa. Na ce masa ƙungiyar ba kamar da ba ce. Ya ce in dai je, sun san al'ada.

Ya cika da hantsi ranar wata Asabar, kuma a ranar suna da wasa a gida bayan La'asar. Na bar 'yan uwa wajen wankan gawa, na hau babur zuwa masaukin 'yan wasa. Ban san abin da ya sa ba, da na isa ƙofa sai na cire hulata na riƙe. Yaran suna zaune suna danna waya, suka dube ni, babu wanda ya gane. Ban ga laifinsu ba, yawancinsu ba 'yan gari ba ne.

Sakataren ƙungiyar ya fito. Ɗan unguwarmu ne, mahaifina ne ya fara koya masa buga ƙwallo, kuma yana cikin yaran da kan raɓo gidanmu jin labarin Inna. Ya yi mani ta'aziyya mai tsawo. Da na faɗi wasiyyar, ya ce koci ba zai yarda ɗan wasa ya riƙe diga a ranar wasa ba, wani zai iya jin ciwo, kuma Alhaji na zuwa da manyan baƙi. Na ce ba duka nake nema ba, ya ba ni ko mutum biyu daga masu zaman benci, su sara ƙasa sau ɗaya su dawo, in dai a ce Shaho sun sa hannu. Sai ya ce:

"Ka kwantar da hankalinka, Malam Lawal. Za mu yi ma Kyaftin shiru na minti ɗaya kafin a take wasa. Har baƙin ƙyalle za mu ɗaura."

Na ce masa mahaifina bai bar wasiyyar ƙyalle ba. Na mai da hulata na tafi.

Ba wai an rasa masu haƙa ba. A Katsina ba a barin gawa, kuma samarin unguwa sun riga ni isa maƙabarta. Amma na tarar da su tsaye a gefe, domin tsofaffin abokan wasan mahaifina sun zo, 'yan kaɗan da suka rage. Malam Ida, tsohon mai tsaron ragarsu, wanda sai da sanda yake zuwa masallaci, shi ya riƙe digar. Ya ce wa samarin Allah ya yi masu albarka, amma Shaho Sada ya ce su haƙa, kuma ga Shaho nan. Ni kaɗai suka bari na shiga tsakaninsu.

Ƙasar ta yi tauri kamar dutse. In ɗaya ya sara kaɗan sai ya zauna yana haki, wani ya karɓa. Aikin da samari za su gama kafin Azahar ya kai mu bayan La'asar. Ana haka, daga rumfar wani mai shayi a bakin hanya muka ji rediyo ya kama wasan. Mai sharhi ya ce yau ƙungiya na makokin gwarzonta, ya shiga ba da labarin ranar da aka bar ƙwallo saboda jana'iza. Sai aka yi shirun da suka yi alkawari. A cikinsa babu abin da nake ji sai numfashin Malam Ida a cikin rami. Aka busa usur, mutane suka ɗauki sowa.

Kashegari shugabannin suka zo gaisuwa da mai ɗaukar hoto da sabuwar riga mai sunan mahaifina a baya. Na karɓi addu'arsu, don ba ni da ikon hana mamaci addu'a. Rigar kuwa na ce su koma da ita.

Ina yaro na ɗauka labarin Inna a kan mugun alƙali ne, kuma na tsane shi tare da ita. Yanzu na sauke masa laifi. Baƙo ne, ya bi abin da aka koya masa, bai san Mairo ba, bai san mu ba. Fushina yana kan wanda ya zauna a bakin kaskon Inna ya ci dankalinta, ya haddace labarin har yana ba da shi a rediyo, ranar da aka zo masa da hula a hannu kuma ya san ma'anarta sarai. Ina roƙon Allah ya cire mani wannan daga zuciya. Har yau bai fita ba.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka watse, Malam Ida ya rage a kan tabarma, tafukan hannunsa duk sun sale. Ya daɗe yana duban sauran tsofaffin suna fita ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Mu dai za mu yi ta haƙa ma juna. Na ƙarshenmu nake tunani, Lawal."

Ban taɓa buga wa Shaho ƙwallo ba, ƙafata ba ta iya ba. Na ce masa ya bar wannan a wuyana.