Hammatar Gajere Mai Aski

Shekara goma sha tara Gajere yana riƙe da injin aski, kuma tun ranar farko ya san tsawonsa bai kai ba. Ko an sauke kujera har ƙasa, sai ya ɗaga gwiwar hannu kafin ya kai tsakiyar kai, hammatarsa ta tsaya daidai hancin wanda ake wa askin. Da kujerar nan ta bakin ƙofa ya yi aure, da ita yake ciyar da 'ya'ya huɗu.

Bana zafi ya tsananta, fankar shagon kuma ta lalace. Sai ya fara lura mutum na zama zai ɗauke numfashi, ya ce a yi sauri. Har Baba mai ritaya, wanda shekara da shekaru barci ke sace shi a kujerar, ya zauna ido buɗe da hankici a hanci.

Ranar Litinin mai shagon ya ja shi bayan labule.

"Gajere, ba cin fuska ba ne, amma mutane suna ƙorafin wari. Baba zai dawo Asabar. In ya sake rufe hanci, wani zan ba kujerar."

Gajere ya nufi kanti. Ya sayo turaren fesawa babban gwangwani. Duk kan da ya gama sai ya faki ido ya feshe rigar aikinsa, wata mai sheƙi kamar leda, a kan zufar. Abu ya ƙara ɓaci. Mai kujerar kusa da shi ya yi atishawa ya ce, "Wai wa ya jefa mushe a shagon turare?"

Aka yi dariya, ban da Gajere. Shi tuni ya fara tunanin wani ciwo ne ke ruɓar da shi ta ciki. Abinci ya daina shiga. Ya riƙa kallon yaransa kamar mai bankwana.

Ranar Laraba ya je wurin ƙanwarsa, nas ce a wani ƙaramin asibiti.

"Ɗaga hannu, Yaya," in ji ta. "Wayyo! Sauke, sauke, ina da marasa lafiya a nan."

"Ki faɗa min gaskiya, ciwon ya yi nisa?"

"Wane ciwo? A ina kake fesa abin nan?"

"A riga."

"To rigar ce ke zufa? Kai da kake aske garin nan kaf, ka bar daji a hammatarka!"

Ta ce ya rage gashin, ya wanke da sabulu, ya goge har wurin ya bushe ƙarau. Ta rubuta masa turaren hammata na gogawa, wanda aka rubuta yana rage zufa, ba mai ƙamshi kawai ba. Ya shafa a fata kafin ya kwanta, da safe ya ƙara kaɗan, ya jira ya sha iska kafin ya sa riga. In ya yi zufa da rana, ya goge tukuna.

"Rigar ledar nan kuma ka jefar, ka sa ta auduga, kullum wankakkiya."

Ya bi maganarta ɗaya bayan ɗaya, amma hancinsa ya saba da jikinsa, bai san ko ya yi ba.

Asabar Baba ya shigo, hankicin na leƙowa daga aljihu. Mai shagon yana kallo ta madubi. Gajere ya yi ta zagaya ƙeya da gefen kunne, hannu manne da haƙarƙari, har Baba ya ce, "Yaro, saman fa? Gado za ka bar min?"

Gajere ya ɗaga gwiwar hannun. Ya ɗora injin a tsakiyar kan. Ya kafa wa aljihun ido, yana jiran hannun Baba ya tafi can.

Hannun bai motsa ba. Can sai kan Baba ya fara rinjaya gaba, Gajere ya tallafe haɓar da yatsu biyu, ya ci gaba da askin a hankali don kar ya tashe shi.