Sandar Amalanken Malam

Ban yi boko ba, na allon ma ban yi nisa ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, in kuka ya zo mini sai ta ajiye biro ta jira. Na ce kada ta sa sunan kowa. Wanda zan fi magana a kansa ma, sau ɗaya tak na taɓa kiran sunansa da bakina, domin shi ne ɗana na fari.

A wajenmu, nan ƙasar Bagudo, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi. Uba ma haka. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, ya fi ni riƙe wannan kunya, don uwarsa Bafulatana ce. In zai aiki yaron sai ya kalli bango ya ce, “A kai shanu rafi.” Yaron ya tashi ya kai. Ba ƙi ba ne. Ranar da aka ce ya samu jami'a zai yi karatun injiniya, Malam bai ce masa komai ba, sai ya ɗauko sabuwar rigarsa da bai taɓa sawa ba ya cusa a jakar yaron.

Hutunsa na farko ya faɗo da kaka, ana yankan shinkafa. Ya dawo da wani hali: ba ya wuce karyayyen abu. Tsohuwar fartanya, fasasshiyar tukunya, sai ya ɗauka yana duban bakin karayar. Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida ya zauna kusa da ƙanwarsa, wannan mai rubutun, yana ba ta labari da murya sama-sama. Na san da ni yake. Ya ce a shekarar farko ana koya musu halin ƙarfe da siminti da katako, abin da ke sa su ɗauki nauyi da abin da ke sa su karye. Wai akwai injin da ke jan ƙarfe har ya tsinke, su kuma su tsaya suna kallo.

Ya ɗauko guntuwar waya ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Ya ce wa ƙanwar, “Taɓa nan.” Ta ce da zafi. Ya ƙara lanƙwasawa kaɗan, wayar ta rabu biyu. Ya ce, “Ƙarfe na gajiya. Tsaga ke farawa ƙarama, ido ba ya ganinta, kullum tana ɗan ci gaba.” Ban ɗaga kai ba, amma na ji.

Malam na da amalanken shanu. Da ita yake kwaso shinkafa daga fadama, ranar kasuwa kuma ya kai Lolo, inda mutanen tsallaken Benin ke zuwa saye. Akwai doguwar sandar ƙarfe da ke haɗa amalanken da karkiyar shanu. Ta taɓa tsagewa daga gindi, an sha yi mata walda a wurin. Wata safiya na ga yaron kwance ƙarƙashin amalanken. Ya kankare wurin waldar, ya shafa kananzir, ya goge, ya barbaɗa garin alli. Can sai wani siririn layi ya fito a cikin farin, kamar gashi ɗaya. Ya kira ƙanwarsa ya nuna mata. Fuskarsa ta canza.

Ba zai iya tarar ubansa da maganar ba. Sai ya tafi wurin gwaggonsa, yayar Malam, wadda ba ta jin nauyin kowa. Bayan la'asar ta zo ta samu Malam a zaure, ni ina daga ciki ina ji, yaron kuma na tsaye bayan zana.

Ta ce, “Injiniyan gidanku ya aiko ni. Wai amalankenka ta gaji.”

Malam ya ce, “Ni ban gaji ba, shanu ba su gaji ba, sai ƙarfe?”

“Awo, haka ya ce. Wai a cire sandar gaba ɗaya a sa sabuwa.”

“Da tsakar kaka, Yaya? Wa zai kwaso mini shinkafar, ke?”

“Ni da ƙafar nan? To na dai isar. Kai tun kana tsirara kunnen ƙashi gare ka.”

Suka yi dariya. A bakinta maganar ta zama wasa, kuma ba da mugunta ta yi ba, haka suke magana tun suna yara. Da na kai masa tuwo na ce, “Malam, maganar sandar nan ba wasa ba ce, na ga fuskar mai maganar.” Ya ce, “Na ji.”

Kuma ya ji ɗin, irin nasa jin. Washegari ya kai amalanken wurin mai walda a Bagudo. Aka ƙara narka ƙarfe a kan tsohuwar waldar har wurin ya yi tudu, aka shafe da baƙin fenti. Ya dawo yana murmushi, ya tsaya tsakar gida ya ce wa iska, “A gaya wa masu ilimi an gyara.” Don yaron ya yi. A tsawon zamana da shi ban taɓa ganin ya bar aikin yini don maganar wani ba.

Yaron ya duba, ya ce wa ƙanwarsa an rufe tsagar ne kawai, tana nan a ƙasa, kuma zafin walda na sa gefen wurin ya yi gautsi. Ya koma wurin gwaggo. Ta ce, “Ubanka ya girmama ka, ya bar gona ya je ya gyara. Yanzu in koma in ce aikin banza ya yi? Ba a aika wa uba sau biyu, ɗan nan.”

Ranar da zai koma makaranta ya durƙusa gaban Malam yin sallama. Na ga bakinsa ya motsa. Malam ya kau da kai kamar yadda ya saba, ya ce, “Allah ya tsare hanya.” Yaron ya ce amin. Ya ɗauki jakarsa.

Ba a gama kaka ba. Ranar kasuwar Lolo ce, amalanke cike da buhuna, Malam na zaune a gaba. A gangaren da ake sauka kafin a tsallake rafi sandar ta karye. Gaban amalanken ya dunguri ƙasa, Malam ya faɗo, buhunan suka biyo shi. Waɗanda ke bayansa suka ce ba su ji wata ƙara mai yawa ba. Bai kai asibiti ba. Kafin yaron ya iso an rufe shi.

Ina cikin takaba yaron ya shigo ɗakina da guntun sandar a hannu. Ya zauna gabana, ya dube ni ido da ido, abin da bai yi ba tun yana shan nono. Ya ce, “Inna, duba.” Bakin karayar kashi biyu ne. Mafi yawansa baƙi, sumul, da tsatsa, da layi-layi kamar yashin da gulbi ya janye ya bari. Sai ɗan wuri fari mai kaushi, bai fi faɗin yatsa ba. Ya ce, “Wannan baƙin ya daɗe da rabuwa. Ɗan farin nan kaɗai ke riƙe da Baba.” Sai ya ce, “Inna, ranar sallama ina gabansa. Bakina a buɗe yake, amma ban faɗa masa ba.”

A nan na kira sunansa. Na ce kwana ne ya ƙare. Ya gyaɗa kai, amma bai saki ƙarfen ba, ni ma ban daina kallonsa ba.

Ya koma ya gama karatunsa. Yanzu yana da ɗiyarsa ta fari, yana kiran sunanta gaban kowa, yana ɗora ta a wuya, tana yi masa gardama yana saurare. Mutane na magana. Ni ba na cewa komai. Guntun sandar na nan ƙarƙashin gadona. In kaka ta yi na ji amalanke ta wuce ta ƙofar gida da kaya, sai in tsaya da abin da nake yi har ƙararta ta ɓace.