Kan Batir a Hawan Kibo

Jos zuwa Riyom

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka bar Nasarawa Gwom ni da Baba za mu Akwanga duba ƙanwarsa da ke kwance. Baba tsohon direba ne, kuma a kan mota ba ya karɓar gyara.

Muna wuce Bukuru jar fitilar batir ta fara ƙiftawa. Bayan shingen sojoji na Riyom, ƙarfe shida da kwata, ya ce in tsaya.

"Bar ta a kunne, ka cire kan batir. In ba ta mutu ba, altaneta mai ba batir wuta na caji."

"Baba, motocin yanzu..."

"Kafin a haife ka nake yi."

Na cire. Injin ya yi wani gurnani, bai mutu ba. Baba ya ce, "Ka gani?" Na mayar da kan batir, muka ci gaba.

Hawan Kibo

Wanda ya san gangaren nan ya san tirelolin da ke kwance a ramukansa. Mun shiga kwana ta biyu sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika motar. Fitilun gargaɗi da ke gabana suka kama gaba ɗaya, rediyo ya mutu, sitiyari ya yi nauyi kamar turmi. Ga tankar mai a bayanmu tana ta hon.

Wallahi na tsorata. Ina tunanin ni ne zan kashe ubana.

"Giya ta biyu," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kar ka danne birki, taɓa ka saki."

Haka muka sauka, yana faɗa ina yi, muna salati.

Gindin dutse

Ƙarfe bakwai muka sami wani mai gyaran wutar mota, Oga Davou. Ya ɗora mita a kan batir a kashe, sha biyu da ɗigo. Ya ce in tayar. Lamba ta haura sha bakwai.

"Kashe! Batirin yana tafasa. Sha huɗu ya kamata. Waye ya cire kan batir mota tana aiki?"

Na kalli Baba.

"Ni na sa shi," in ji Baba.

Oga Davou ya ce, "Baba, da farko bel ɗin da ke juya altaneta ne kawai ya saki. Yanzu regileta ya ƙone, shi ne mai tare wuta kar ta yi yawa."

Awa huɗu muka yi kafin a kawo wani regileta. Muka karya da ƙosai da kunu. Da mita ta nuna sha huɗu, Baba ya daɗe yana kallonta.

Komawa

Mun ga Gwaggo da sauƙi, muka kwana, washegari da azahar muka iso gida. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Oga Davou.

Da na kashe mota Baba bai fita ba. Ya ce, "Gobe ka sayo mitar nan. Ka koya mini."